Yadda ake haɗa mozayik da fasassun tayil a Kano, daga allon farko har zuwa buɗe ajin koyo

Duk inda ake kammala sabon gini a Kano, ko a Rijiyar Zaki ne, ko Hotoro, ko can wajen Ɗanbare, ba ka rasa tsibin yankakkun tayil da fasassu a gindin katanga. Mai sa tayil ya yanki abin da yake buƙata, ragowar kuma sai a loda a baro a cike rami da ita. A cikin gida ma haka ne: farantin tangaran ya suɓuce ya tarwatse, madubi ya tsage, a share a kai bola. To waɗannan tarkacen su ne kayan aikin mozayik, wato a jera ƙananan gutsattsarin tayil ko gilashi ko dutse a kan allo ko bango, a manne su, a cike tsakaninsu da siminti har zane ya fito. Ban ga aikin hannun da ya kai wannan sauƙin farawa a garin nan ba, domin rabin kayansa kyauta ne, sauran rabin kuma yana Kasuwar Ƙofar Ruwa.

Aikin ba sabo ba ne, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Da mozayik na gilashi da ruwan zinare aka ƙawata cikin Ƙubbatus Sakhra da ke Ƙudus, wadda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina a wajajen 691. Ɗansa Walid ya yi haka a babban masallacin Dimashƙa tsakanin 706 da 715, inda aka fitar da itatuwa da koguna da gidaje, babu mutum babu dabba a ciki. A birnin Fas na Maroko har gobe ana sassaƙa tayil da guduma mai kaifi ana jera taurari a bangon masallatai da makarantu. A Basalona ta ƙasar Sifen, maginin nan Gaudi ya lulluɓe kujerun lambun Park Güell da fasassun tayil da tangaran tsakanin 1900 da 1914, kuma salonsa ne ya fi kusa da abin da za mu yi a nan. A ƙasarmu, masu tono tarihi sun tarar da tsakar gidaje a Ile-Ife da aka shimfiɗe da tsingaro, an kafa shi a tsaye layi-layi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kakanninmu mata kuwa, da suke haɗuwa yin daɓe, suna watsa tsakuwa da tsingaro, suna buga maɗaɓi da waƙa, suna yayyafa ruwan makuba, ai wannan hanyar suka bi. Bambancin kawai, yanzu muna da launuka da gam.

Abin da za ka fara da shi

Kada ka fara da teburi, kada ka fara da bangon ƙofar gida. Ka fara da allo mai faɗin santimita 20 da tsawon santimita 20, wanda za a rataye a bango ko a ɗora kofi a kai. Dalili shi ne lissafi: idan kowane gutsure ya kai santimita ɗaya da rabi, aka bar 'yar rata tsakaninsu, wannan ɗan allon zai ci guda 140 ko kusa da haka, kuma kowanne sai ka ɗauka, ka gwada, ka shafa masa gam, ka ajiye. Aikin awa uku ne ga sabon hannu. Wanda ya ɗauko teburi a ranar farko, a rabi yake gajiya, ya jingine shi bayan ƙofa.

Allon ya zama na filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12. Kowane kafinta yana da irin waɗannan ragowar a ƙarƙashin bencinsa. Ka guji allon nan na garin katako da ake yin kabad da shi, domin da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya tura aikin waje. Ka roƙi kafintan ya zagaye allon da siririn katako wanda ya ɗara fuskar allon tudu da kaurin tayil ɗinka. Wannan bakin yana kare gefen aikin daga ɓalgacewa, kuma yana raba sabon hannu da wahalar gyaran gefe, wanda shi ne ya fi komai wuya.

Sauran kayan: farin gam na kafinta irin su Top Bond, garin cike ratar tayil, wanda masu sa tayil ke kira fila, ko kuma farin siminti, filayar gutsure tayil, mai baki kamar na awartaki, ƙaramar guduma, samfefa, soso, tsofaffin tsummoki, robobi biyu, tsinken tsire ko na sakace, tsohon katin waya ko na banki. Sai uku da ba a sasantawa a kansu: tabarau na kariya, safar hannu ta roba, da takunkumi. Gutsuren tayil idan ya ɓalle daga bakin filaya da gudu yake tashi, kuma ido yake nema. Siminti yana cin fata, ƙurarsa kuma tana lahanta huhu.

Neman tayil

Idan ka shiga wurin masu tayil, ka gaisa, ka ce, "Alhaji, don Allah ko akwai fasassu da ragowar samfur?" Kusan kowane shago yana da kwalin da ya fashe a mota, ko launin da aka daina yayinsa. Wani zai ba ka kyauta, wani ya ce ka ba yara na ruwa. Amma ka san abin da kake nema. Tayil ɗin bango, irin na kicin da banɗaki, shi ne naka: bai cika kauri ba, cikinsa da taushi, filaya tana gutsurarsa ba gardama. Tayil ɗin ƙasa mai sheƙi, musamman manyan nan na falo, an gasa shi da wuta mai tsanani, taurinsa zai sa hannunka ya yi kanta kafin ka yanki goma. Hanyar ganewa: ka juya bayansa ka ɗiga ruwa. In ya tsotse nan take, mai taushi ne. In ruwan ya tsaya yana ƙyalli, bar shi.

Ka yi ƙoƙari duk abin da za ka haɗa a allo ɗaya kaurinsa ya zo ɗaya. Matsalar kasuwarmu ita ce fari da ruwan ƙasa da ruwan toka sun yi yawa, ja da shuɗi da kore da rawaya kuwa sai an tona. A nan farantan tangaran da kofunan shayi da suka fashe suke shigowa, don su ne masu furanni da launi. Ka sanar da 'yan uwa da maƙwabta su daina zubarwa. A Kasuwar Kurmi kuma akwai duwatsun ado da wuri, waɗanda ke ƙara wa aiki armashi in an sa su kaɗan a tsakiyar zane.

Duk abin da ka samo, ka wanke shi da ruwan omo, ka shanya ya bushe ƙarau. Gam ba ya kama ƙura, ba ya kama maiƙo.

Zane

Ba sai ka je intanet neman zane ba. Ka dubi hular da ke kanka, ko aska takwas da ke gaban babbar riga, ko faifan da ke rufe da kwanon tuwo, ko zayyanar bangon Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ko zanen ɗaurin da marinan Ƙofar Mata ke fitarwa. Duk da'ira ce da dara da kusurwa uku, kuma irinsu ne suka fi dacewa da mozayik. Ƙari a kan haka, wanda ba ya son rataye surar abu mai rai a ɗakinsa ya huta.

Dagin Arewa kowa shi yake so ya fara yi, ni kuwa ina ba da shawarar a bar shi sai bayan aiki na huɗu. Layukansa suna ratsa juna, ɗaya ya bi ta sama ɗaya ta ƙasa, kuma fitar da wannan da gutsattsari yana son hannun da ya saba. A aikin farko, tauraro mai tsini takwas ya isa, wato murabba'i biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka karkata na saman. Ko da'ira uku, wata cikin wata. Launi uku kacal: mai duhu ɗaya, mai haske ɗaya, da ɗaya mai ɗaukar ido. Kada wani sashe na zanen ya kasa faɗin yatsa biyu, don duk abin da ya fi haka sirantaka ɓacewa yake yi bayan an cike rata.

Wata tunatarwa da ta kamata: in za ka rubuta aya ko sunan Allah, to ya zama abin ratayewa ne a sama, ba abin da za a taka ko a ɗora kwano a kai ba.

Shirya allo

Ka goge fuskar allon da samfefa, sannan ka ɗauki wuƙa ko ƙusa ka kakkarce ta, a tsaye da a kwance, don gam ya sami wurin kamawa. Ka dama gam cokali ɗaya da ruwa cokali huɗu, ka shafe allon gaba da baya har da gefuna, ka bar shi ya bushe. A bazara rabin awa ya isa. Wannan shafin yana toshe ƙofofin katakon, ya hana shi shan ruwan simintin da za a zuba daga baya. In ka shafi gaba ka bar baya, allon yana iya lanƙwashewa. In abin ratayewa ne, yanzu za ka ɗaura masa maratayi a baya, domin buga ƙusa bayan an gama aiki yana tsaga siminti. Daga nan ka zana zanenka da fensir, ka bi da maka, ka rubuta sunan launi a kowane sashe.

Fasawa da gutsurewa

Ka sa tabarau kafin ka taɓa guduma. Ka kifa tayil ɗin, fuskarsa mai sheƙi tana ƙasa a kan kwali, ka rufe shi da tsohon buhu, ka buga bayansa sau ɗaya a tsakiya. Ka buɗe ka duba. Bugu biyu ko uku ya isa ya ba ka manyan ɓarori. Mai yawan bugu gari yake samu.

Sauran aikin na filaya ne, kuma a nan ne kusan kowa yake kuskure: sai ya cusa tayil ɗin duka cikin bakinta ya matse da ƙarfi, abin ya ruguje. Ba haka ake yi ba. Bakin filayar ya ciji gefen tayil ɗin kaɗan, kamar milimita 3 zuwa 5, yana fuskantar inda kake so tsagar ta bi. Ka riƙe filayar daga can ƙarshen mariƙinta, inda ƙarfi ya fi yawa, ɗaya hannun kuma ya lulluɓe bakin don kada gutsuren ya tashi. Ka matse sau ɗaya. Za ka ji "ƙas", tsagar ta ratsa har ɗaya gefen. Ka fara da yanka dogayen sirara, sannan ka daddatsa su zuwa murabba'i. Murabba'in da aka raba daga kusurwa zuwa kusurwa shi ke ba da kusurwa uku. In da'ira kake so, sai ka riƙa ɗan gatsar kusurwoyin kaɗan-kaɗan kana juyawa.

Farantin tangaran yana da tudu a gindinsa. Ka gutsure wannan zoben ka jefar, ka ɗauki shimfiɗaɗɗen tsakiyar da bakin mai furanni. Duk gutsuren da ya yi kaifi sosai, ka goga shi a jikin dutsen wasa wuƙa da ka jiƙa da ruwa. Ka ware kowane launi a murfinsa, kuma ka yanki fiye da abin da kake zaton za ka buƙata, domin tsayawa yanka a tsakiyar manni yana katse wa mutum hanzari.

Jerawa da mannewa

A nan aikin yake, kuma a nan nake so mai koyo ya zauna da kyau.

Kafin ka buɗe gam, ka jera wani ɓangare a bushe, ka miƙe tsaye ka kalle shi daga nesa. Abin da ido ke gani a taku uku shi ne gaskiyar aikin, ba abin da ake gani da hanci a kan allo ba. In launuka biyu sun narke cikin juna, yanzu ne lokacin sauyawa.

Ka fara da layin da ya zagaye zanen, wato gefen tauraron. Sannan ka cike cikinsa. Sannan ka bi bayan tauraron da layi ɗaya na launin fili, yana bin siffarsa sak, domin wannan layin ne ke sa zanen ya fito raɗau. Bayan haka ka jera layin bakin allo, sai ka cike abin da ya rage a tsakani. Gam kuwa a bayan kowane gutsure ake ɗiga shi da tsinke, ɗigo ɗaya da bai wuce ƙwayar wake ba, a danna, a ɗan murza. In gam ya bulbulo ya cika rata, ya yi yawa. Ka kwashe shi da tsinke tun yana ɗanye, don wurin na siminti ne.

Ratar da ke tsakanin gutsattsari ita ce sirrin aikin nan gaba ɗaya. Ta zama milimita 2 zuwa 3, wato kaurin tsinken ashana, kuma ta zama iri ɗaya ko'ina. Gutsattsarin da suka manne da juna ba sa barin siminti ya shiga, wurin sai ya zama rami mai tara datti. Waɗanda suka yi nisa da juna kuma sai siminti ya rinjayi launi, aikin ya yi fari fat. Mutum yana iya yanka karkatattu, launinsa ma ya zama na tsintuwa, amma in ratarsa ta daidaita, aikin zai yi kyau. Wanda ya yi yanka mai kyau ya bar rata barkatai kuwa, babu abin da zai cece shi.

Abu na biyu da ido ke bi shi ne tafiyar layi. Ratar nan, bayan an cike ta, layuka take zama, kuma layukan suna jan ido zuwa inda suka nufa. In da'ira kake cikewa, ka jera zobe-zobe daga waje zuwa ciki, ka ɗan rage faɗin kowane gutsure ta gefen da ke kallon tsakiya, don kada rata ta buɗe kamar baki. In fili ne miƙaƙƙe, ka jera irin jerin bulo, kada gaɓar layin sama ta faɗa daidai kan ta ƙasa. In kuma fasassu ne masu siffa daban-daban, ka lura kada wata doguwar tsaga ta ratsa aikin daga gefe zuwa gefe ba da niyyarka ba. Kuma in wani gurbi ya rage, kada ka cusa ɗan tsiririn ɓarɓashi don toshe shi. Gara ka ɗaga na kusa da shi ka yanko wanda ya dace.

In kaurin kayanka ya bambanta, misali tayil da tangaran, to farin gam ba zai daidaita su ba. Sai ka koma ga gam ɗin tayil, wanda ake sayarwa a buhu ana kwaɓawa da ruwa, domin shi ana iya tara shi a ƙarƙashin siririn gutsure ya ɗago. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, don a zafin Kano bai wuce minti 15 zuwa 20 fuskarsa ta bushe ta daina kamawa. Ka riƙa ɗora wani guntun katako a kan aikin kana dannawa a hankali, duk wanda ya yi tudu zai koma sahu. Madubi kuma siminti yana cinye ruwan bayansa ya yi baƙi-baƙi, saboda haka da gam na musamman na madubi ake manna shi.

Ka gama? To ka ajiye shi a kwance a inuwa, awa 24 cif. A watan Agusta, da iska ke cike da laima, ka ba shi kwana biyu. Kafin mataki na gaba, ka bi kowane gutsure da yatsa. Wanda ya motsa, ka sake manna shi, ka ƙara jira.

Cike rata

Launin abin cikewa yana sauya aiki fiye da yadda sabon hannu ke zato. Fari yana wargaza zane, sai dai in tayil ɗin ma masu haske ne. Baƙi yana sa ja da rawaya da shuɗi su yi ƙyalli. Ruwan toka shi ne mai haɗa kan kowa, kuma shi nake ba mai farawa shawara. In kana shakka, ka barbaɗa busasshen garin a wani lungu na aikin ka gani, sannan ka kakkaɓe da burushi. In farin siminti za ka yi amfani da shi, ka haɗa shi da lallausan yashi da aka tankaɗe, awo ɗaya da ɗaya, domin siminti zalla yana tsattsagewa in rata ta wuce milimita 3. Ana rina shi da garin kalar siminti irin wanda ake sa wa daɓen ƙasa, amma kada kalar ta wuce kashi ɗaya cikin goma na simintin, in ba haka ba ƙarfinsa zai ragu.

Gwangwanin madara ɗaya na gari ya ishi allon santimita 20 har ya yi saura. Ka sa takunkumi da safar hannu, mata su cire zobe da awarwaro. Ka zuba garin a roba, ka riƙa ɗiga ruwa kana juyawa har ya yi kaurin ƙullun ƙosai, wanda in ka ɗebo a cokali ba ya zuba sai ka girgiza. Ka bar shi minti biyar, ka sake juyawa ba tare da ƙara ruwa ba. Ruwa in ya yi yawa, simintin zai bushe da rauni, ya riƙa zuba kamar gari.

Ka rufe bakin katakon da salatif ɗin takarda. Ka ɗora kwaɓin a tsakiyar aikin, ka baza shi da katin nan kana dannawa, kana jan sa a karkace, ba tare da bin layin rata ba, don in ka bi layin katin zai riƙa kwashe abin da ka cusa. A wannan lokacin aikin naka zai ɓace gaba ɗaya ƙarƙashin taɓo, kuma na ga waɗanda gabansu ya faɗi a nan. Haka yake yi wa kowa. Ka kankare abin da ya hau sama da gefen katin, ka dakata.

Tsawon dakatawar yana hannun yanayi. A kwalin fila za ka ga an rubuta minti 20 ko 30, amma ba da Kano aka yi wannan lissafin ba. A hunturu, da iska ke bushe raƙau, ko a watan Afrilu da zafi ke kai maki 40, minti 10 ya isa. Alamar ita ce fuskar tayil ta yi hazo-hazo, kuma in ka taɓa rata ba ta biyo yatsa. Sai ka jiƙa soso, ka matse shi har ya daina ɗiga, ka shafa sau ɗaya a karkace, ka juya ɗaya gefen ka sake shafawa, ka wanke shi a roba. Shafa ɗaya, wanki ɗaya. Soso mai ruwa yana kwashe simintin daga rata ya bar kwari. Bayan awa ɗaya, ka goge sauran hazon da busasshen tsumma, ka bi lunguna da tsinke. A nan launukan suke dawowa, sun fi yadda ka bar su kyau.

Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so a hankali kafin ya yi ƙarfi. Kada ka kai aikin rana don ya yi sauri. Ka lulluɓe shi da leda ko ɗanyen tsumma, ka ajiye a ɗaki kwana uku; a hunturu ka ɗan fesa masa ruwa safe da yamma. In bayan mako guda akwai sauran hazo, ruwan khal da aka surka da ruwa yana cire shi, sai a bi da ruwa zalla. Ruwan wankin soson kuma kada a zuba shi a sinki ko makwararar banɗaki, don simintin yana kwanciya ya daskare ya toshe bututu. A bar shi ya kwanta a roba, a tsiyaye na saman a ƙasa, a kwashe na gindin a leda.

In aikin na waje ne

Katako da farin gam na cikin ɗaki ne kawai. Tukunyar fulawa, lambar gida, dakalin zaure, duk waɗannan gam ɗin tayil suke so a kan siminti ko yumɓu, domin damina ɗaya ta isa ta narkar da farin gam. Haka abin ɗora tukunya mai zafi, don zafi yana sassauta shi. Tukunyar ƙasa tana da ƙishirwa. Ka jiƙa ta tukuna, in ba haka ba za ta tsotse ruwan gam ɗin kafin ya kama. Ka fara jeri daga gindi zuwa sama, kowane layi ya zauna kan na ƙasansa.

Yadda za a mayar da shi aji

Aikin nan ya fi daɗi a cikin jama'a, kamar yadda daɓe ma ba mace ɗaya ke yin sa ba. Wata tana da shuɗi, wata tana da ja, a yi musaya. Filaya uku ta ishi mutum shida. Duk wanda ya gama allo uku ko huɗu da hannunsa yana iya tara 'yan unguwa, ko matan Islamiyya, ko ɗalibai a lokacin hutu, ya nuna musu.

Kada a wuce mutum shida zuwa takwas ga mai koyarwa ɗaya, domin sai an tsaya a kan kowa lokacin da ya fara riƙe filaya. Zama biyu ake yi, ba ɗaya ba. Na farko awa uku, na zane da yanka da manni, misali Asabar daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. Na biyu awa ɗaya da rabi, na cike rata, washegari ko mako mai zuwa. Duk ajin da aka ce za a gama a tafi da kaya a rana ɗaya, to a kan ɗanyen gam za a zuba siminti, gutsattsarin kuma za su zame. Mai koyarwa ya shafe allunan tun jajibiri, ya fasa manyan tayil, ya zana zane uku ko huɗu a kwali don masu cewa ba su iya zane ba. Kuma ya duba agogo kafin ya kwaɓa siminti: in saura minti goma a kira salla, a bari sai an idar, don kwaɓin ba ya jiran kowa.

Wurin ya zama rumfa ko baranda mai iska da haske, ba ɗaki rufe ba. A shimfiɗa babbar leda ko buhuna a ƙasa. Kowa ya zo da rufaffen takalmi, ba silifa ba, mata kuma su ɗaure mayafi ko hijabi ta baya don kada ya share gam. A ware lungu ɗaya na fasawa, nesa da inda ake zaune. A tanadi filasta da man kashe ƙwayoyin cuta, don ƙaramin yanka ba ya rasuwa. Gidajenmu gidajen yara ne masu rarrafe da masu yawo ba takalmi, saboda haka in an tashi, a naɗe ledar da ɓarɓashinta, a share, sannan a bi ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma, wanda shi ke ɗauke 'yan siraran da tsintsiya ke bari. Yaran da ba su kai shekara goma ba, a ba su waɗanda aka riga aka yanka aka goge bakinsu, ko su yi nasu da wake da masara da ɓawon ƙwai a kan kwali. Filaya da siminti na manya ne.

Kuɗin shiga kuwa, a lissafa allo da gam da fila da safar hannu na mutum ɗaya, a raba kuɗin filaya da tabarau a kan aji uku ko huɗu tunda ba sa ƙarewa, sannan mai koyarwa ya ɗora ladan lokacinsa. A karɓi rabi tun kafin ranar, don a san allo nawa za a yanko wurin kafinta. Wanda ya gama allonsa na farko yana son ci gaba, sai a ba shi firam ɗin madubi a zama na gaba, daga nan tire, daga nan tukunyar fulawa, kafin a kai ga dagi.